Ikko, garin da ƙasa ta yi wa kaɗan

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Garun Malam ya san ba a Kadawa ake yanke farashin tumatirin Kadawa ba. Da asuba waya ke shigowa daga Legas, a ce yau mota kaza ta shiga kasuwar Mile 12, kwando ya kama kaza. Kafin hantsi maganar ta karaɗe Kwanar Gafan, manomin da bai taɓa haye gadar Jebba ba ya ji a jikinsa. Na daɗe ina son ganin kasuwar nan da idona. Da kakar tumatir ta kama, yayana ya haɗa lodi da abokan sana'arsa, sai na roƙa a ba ni wuri a gaban mota.

Zariya, Kaduna, a ratsa jihar Neja ta Bida da Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, sai Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Badun. Sama da kilomita 1,000 ne, kuma duk tsayawar da aka yi, ta rami ce ko ta masu tare hanya suna neman na goro, tumatir ne ke biya da ruwan jikinsa.

Legas takan fara tun kafin a iso ta. Daga Mowe da Ibafo gidaje sun riga sun haɗe, alhali nan jihar Ogun ce, kuma tun asuba motocin ma'aikata sun cika titi: a Ogun suke kwana, a Legas suke neman abinci. Gari na soma haske muka hau gada, na hango Kara, fararen shanu a bakin kogin Ogun da hayaƙin masu shayi. Ita ma a ƙasar Ogun take, duk da cewa tukwanen Legas namanta ke shiga. Muna dosar Ojota wani wari mai nauyi ya cika mota, direba ya nuna wani tudu da haɓa, ya ce bolar Olusosun ke nan.

Kawuna ya fi shekara talatin yana dillancin kayan gwari a Mile 12, kuma kafin a kwance igiyar farko yana tsaye a gindin motar. 'Yan dako suka haye, ana miƙo kwanduna hawa-hawa ana jerawa. Matan Yarbawa masu sari suka kewaye mu, kowace da jakar kuɗi ɗaure a ƙugu, a bayansu mata masu ɗaukar kaya da faffaɗan daro a ka. Kawu ya yaye takardar da aka rufe bakin kwando, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro na ƙasa ya nuna wa wata Iya. Ita tana tayi da Hausa, shi yana mayar mata da Yarbanci. Na saman kwandon jawur, mai ƙarfi. Na tsakiya ya fara laushi. Na ƙasa kuwa nauyin 'yan'uwansa da tsinin kwando sun farfasa shi. Shi ake warewa a sayar da araha ga masu abincin sayarwa, wanda ya wuce haka a juye a ƙasa. Abin da ake takawa baƙin caɓali ne na ruwan tumatir da ɓawon albasa da ganyen kabeji, shi ya sa wanda ya san kasuwar da takalmin roba yake shiga. Masana harkar noma sukan kiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan yana lalacewa kafin ya kai tukunya. A gindin motar nan na ga yadda ake yin asarar.

Da ciniki ya lafa muka zauna a teburin mai shayi, na ce, "Kawu, kuɗin da ke juyawa a nan kullum ya isa a zuba wa kasuwar nan kankare daga ƙofa zuwa ƙofa, a ja lambatu, a gina ɗakin sanyi. Me ya hana?"

Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin ɗan haya ya haƙa rijiya a gidan da kullum ake ce masa gobe zai tashi?"

Sai ya warware mini. Lokacin da ya zo, bayan kasuwa fadama ce da daji, gari yana can nesa. Yau gari ya haɗiye ta, tirela ba ta da wurin juyawa sai ta tare titin Ikorodu. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a yankin, aka yi asarar rayuka, gwamnati ta rufe kasuwar, aka kuma ce za a mayar da ita Imota, can bayan Ikorodu. A Oktoban 2023 an sake rufe ta na 'yan kwanaki saboda shara. 'Yan'uwanmu na kasuwar Alaba Rago kuwa a watan Mayun 2022 aka ba su wa'adin kwana 14 su tashi. Duk mai rumfa a Mile 12 ya san waɗannan labaran. Ana ƙoƙari daidai gwargwado: ranar Alhamis ba a fara ciniki sai ƙarfe goma, kowa ya share gabansa, motocin shara suna zuwa. Amma shara daban, gini daban. Ba mai zuba miliyoyinsa a ƙasar da ba shi da tabbacin zama a kanta, banki ma ba zai ba shi rance ba.

A ofisoshin gwamnati, muhalli teburinsa daban, filaye daban, ciniki daban. A nan kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ga kiret na roba da ake ta kwaɗaita wa 'yan tumatir: ya fi kwando kare kaya nesa ba kusa ba, kowa ya yarda. To amma kiret jari ne, in an juye shi sai an tara, an wanke, an jira motar da za ta mayar da shi Arewa, wannan aikin kuwa fili yake buƙata. Ruɓaɓɓen tumatirin da ake biyan kuɗi a kwashe, taki ne da masu lambu za su saya, ana ma iya fitar da gas na girki daga cikinsa. Shi ma fili yake buƙata. Da an ware wa kasuwar 'yan kadada da takarda mai ƙarfi, da ƙazanta ta ragu, asarar manomin Kadawa ta ragu, matar Mushin ta sayi kayan miya da sauƙi, gwamnati ta ƙara samun haraji. Ba kuma alfarma za a yi wa kowa ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Badun, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Cikin 'yan kwanaki kayan miya da nama suka yi tashin gwauron zabo a Legas, mu kuma a gida tumatir ya yi ta ruɓewa ba mai saye. Kowa ya ɗanɗana kuɗarsa.

In za a yi adalci, dole a dubi halin da masu tsara garin suke ciki. Legas ce jiha mafi ƙanƙanta a Najeriya, murabba'in kilomita 3,577, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar ruwa ne. Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau biyar. A ƙidayar 2006 an ba ta mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi yarda da adadin, yau kuma tana cewa sun haura miliyan 20. Abin da ya rage na ƙasar ma mafi yawansa kwari ne da dausayi. Kowa fili yake nema, mai masana'anta, mai coci, mai masallaci, mai gidan haya, mai shanu, ruwan sama ma yana neman hanyarsa.

A rubuce, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa bisa tsarin dokar filaye ta Arewa ta 1962, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A aikace, a gefen gari 'ya'yan masu ƙasa da ake kira omo onile su ke yanka fuloti su sayar, su dawo su karɓi kuɗin aza harsashi, su sake dawowa na rufi. Awon igiya ne irin wanda muka sani a bayan Kano, ba a bar wa titi ba, ba a bar wa kwata ba, balle makaranta. Wani yaron Kawu ya zaga da ni Agiliti da Maidan, unguwannin bayan kasuwa, inda da yawa daga 'yan dako ke kwana. An cike fadama da shara da ɓaraguzai an yi gini. A jikin bangaye ga shaidar da ruwa ya bari, wata a gwiwa, wata a ƙugu. Ya ce in damina ta yi nisa aka saki ruwa daga madatsar Oyan ta kusa da Abeokuta, kogin Ogun kan tumbatsa ya shigo, kwalekwale ya maye gurbin acaɓa. Fadamar da aka cike ita ce a da take shanye wannan ruwan.

A Zangon Agege na yi masauki, gidan wani aminin mahaifinmu. Zaman Hausawa a nan ya tsufa, kuma layin dogo ne ya ƙarfafa shi. Jirgi ya tashi daga Legas ya kai Badun a 1901, dogo kuma ya isa Kano a 1911. Agege a lokacin ƙasar gonakin goro da koko ce, ga tasha, sai fatake suka yada zango kusa da ita, goro ya yi Arewa, shanu suka yi Kudu.

Wannan tsohuwar hanyar ita aka farfaɗo. Jirgin cikin gari na Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, an ƙaddamar da shi a Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar. Na hau daga Agege da katin Cowry, wanda da shi ake hawa manyan bas ɗin BRT masu layinsu daban a titi da jirgin ruwan gwamnati. Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, kafin awa guda muna Oyingbo, tafiyar da kan cinye rabin safiya a danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, in gosulo ya kama. Ta taga ina hango motoci cirko-cirko suna ƙona mai a tsaye. Har ga Allah na yaba wa aikin nan. Jirgi guda ya ɗauke wa titi motoci masu yawa, ya rage hayaƙin da yara ke shaƙa, ya bar ma'aikaci ya isa gida kafin 'ya'yansa su yi barci. Abin takaici shi ne jinkirin. Gwamna Lateef Jakande ya faro aikin jirgin cikin gari tun 1983, sojoji suka soke shi a 1985, sai a Satumban 2023 Shuɗin Layi mai aiki da lantarki, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara jigila. Cikin shekara 38 ɗin nan gari ya bazu yadda ya ga dama, har ya zama duk inda za a shimfiɗa dogo sai an taɓa gidan wani.

Jirgin kuma ya zo da nasa. Baba, mai masaukina, ya ce tun da aka gina sabuwar tasha dillalan gidaje ke sintiri a layinsu suna taya tsofaffin gidaje, haya ta hau. Mata masu kasa kaya a gefen dogo an tashe su an ja katanga, kuma hakan daidai ne, rai ya fi ciniki. Amma ba su ɓace ba, sun koma bakin titi da gindin gadar Pen Cinema. Dubban mutane ke fitowa daga tasha safe da yamma, kowa da ɗan abin da zai saya. Da an zana wa matan nan 'yan rumfuna masu arha a jikin tashar tun a taswira, da su da fasinja da hukumar jirgi duk sun amfana. Haka 'yan acaɓa. Daga 1 ga Yunin 2022 an hana sana'ar kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara huɗu. Haɗurra da ɓata-gari gaskiya ne, ba na musu. Sai dai daga tasha zuwa ƙofar gida akwai lungun da bas ba ya shiga, kuma samarin da na zauna da su a Zango, 'yan Jigawa da Borno da Zamfara, da yawansu rashin tsaro da rashin abin yi ne suka koro su. Wanda aka raba da babur bai koma gida ba. Ya koma dako, ko garuwa, ko bola.

Ɗaya daga cikinsu ne ya kai ni Olusosun. An fara zuba shara a nan a 1992, lokacin wurin bayan gari ne. Yanzu fili ne na wajen hekta 40 a tsakiyar gidaje da masana'antu da tashoshin mota, kuma a Maris na 2018 ya kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye kwana da kwanaki. Hukumar shara ta jihar, LAWMA, takan ce garin na fitar da wajen tan 13,000 kullum. Mota na juye kaya samari za su rufa mata, ƙugiyar ƙarfe a hannu, buhu a kafaɗa. Idonsu ya san kaya: gorar ruwa gefe, roba mai kauri gefe, gwangwanin lemo, wayar jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kwali in bai jiƙe ba. A gindin tudun rumfunan masu saye ne, kowace da sikelin rataye. Na tsaya wajen wani Alhaji ɗan jari-bola, ana rataya buhun gorori yana duban allura, yana rubutawa a wani littafi da ya sha maiƙo. A bayansa mata na cire murfi da takardar jikin gora, suna ware farare da masu launi, don farar ta fi kuɗi. Daga nan inji ya matse su dami-dami ko ya niƙa, su tafi masana'antu. Ƙarfen kuma ya nufi kamfanonin narkawa na wajen Ikorodu da Ogijo, ya dawo rodin gini.

Na ce, "Alhaji, hukuma ta san da zamanku?"

Ya ce, "Malam, muna da ƙungiya, kuma abin da aka ce mu biya muna biya. Wurin da za a ce namu ne, shi ne ba mu da shi."

A manyan tarukan sauyin yanayi ana ta maganar sake sarrafa shara. Ga masu yin aikin nan, ba safar hannu, ba ruwan wanka, ba asibiti kusa. A nan na gane dalilin da ya sa a Janairun 2024 jihar ta hana farin mazubin tekawe mai kamar soso: ba shi da farashi a sikeli, don haka ba mai tsintarsa, sai ya tafi ya toshe magudana. Abin da ke da farashi ba ya kwana a kwata. Akwai miyagu a cikin 'yan bola masu cire murfin kwalbati da wayar lantarki, kuma sun ɓata wa sauran suna. Maganinsu rajista ce da sanannen wurin saye da sayarwa a kowace ƙaramar hukuma, inda za a san wanda ya kawo kaya da inda ya samo.

Ranar da na nufi tsibirin Legas ta gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, na hango Makoko, gidajen katako a kan dirkoki cikin ruwa da hayaƙin bandar kifi. Masunta ne, sun fi ƙarni a wurin, kuma a Yulin 2012 an ba su wa'adin awa 72 aka rushe wani sashe. Tsara Legas da rusau ya faro. Hukumar farko ta tsara garin an kafa ta a 1928 bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa, ta fara da baje unguwannin talakawa a tsibiri. A Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe Maroko, wajen mutum 300,000 suka rasa matsuguni, bisa hujjar cewa wurin kwari ne mai ambaliya. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Yashin da ya gyara wurin bayan an kore su, ai zai iya gyara shi suna ciki.

Bar Beach, wurin shaƙatawa na bakin teku da iyayenmu ke ba da labari, babu shi. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Igiyar teku a gaɓar nan daga yamma take tura yashi zuwa gabas, katangun suka tare shi, teku ta yi ta cin gefen gabas har ruwa na hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: a zuƙo yashi daga ƙasan teku a yi sabuwar ƙasa ta wajen murabba'in kilomita 10, a kare ta da katangar duwatsu da aka tsara za ta kai kilomita 8.5. Ta kare Victoria Island, ba musu. Tituna a shimfiɗe, magudanai a binne tun kafin gini ya tashi, abin da ya kamata a yi wa kowace unguwa. Amma can gabas wajen Alpha Beach teku na ci gaba da cin ƙauyukan masunta, mazaunansu kuma cikon suke zargi.

Daga nan titin Lekki zuwa Epe ya miƙe gabas. Dama da hagu rukunin gidaje ne masu ƙofa, da yawansu a kan dausayin da aka cike, shi ya sa ruwan yini guda kan mayar da titunansu kogi, kamar yadda aka gani a Yulin 2017 da Yulin 2024. A tsakiyarsu akwai hekta 78 da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta killace tun 1990, Lekki Conservation Centre. Gadar katako ta ratsa cikin dausayi, birai a kan rassa, iska mai sanyi, ga gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Haka yankin yake kafin katafila ta zo. Wurin yana shan ruwan da zai shiga gidajen maƙwabta, yana kuma kawo kuɗi, don 'yan makaranta da baƙi na tarar a layi suna yankar tikiti.

A Ibeju-Lekki na ga abin da tsari ke iya yi in an so. Gwamnati ta tattara ƙasa tun da wuri ta ware wa masana'antu, ta ba da takarda, jari ya biyo. Ga kamfanin takin Dangote da aka buɗe a 2022, wanda buhunansa muke zubawa a Kadawa. Ga tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Janairun 2023, ga matatar mai ta ganga 650,000 a kullum da aka ƙaddamar a Mayun shekarar. A wajen katanga kuwa rumfunan langa-langa ne jere: mai shayi, mai tsire, mai faci, mai cajin waya, ga tankoki a gefen titi. Wani mai shayi ɗan ƙasar Katsina ya nuna mini teburinsa da benci da rumfar, ya ce, "Malam, ban kafa komai a nan ba wanda mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba." Direbobin da yake ciyarwa su ke kwashe man da takin, amma a taswirar wurin ba a san da shi ba. An ga yadda Apapa, unguwar tsohuwar tashar jiragen ruwa, ta kasance, tireloli suna yin makonni a kan gada kafin a kawo tsarin kiran mota ta intanet a 2021. A nan har yanzu akwai sauran fili, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu 'yan Arewa ma da namu laifin. Akwai wanda ya shekara arba'in a Idi-Araba ko Obalende, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma bai yanki katin zama na jihar ba, yana cewa ai shi baƙo ne. In aka baje taswirar yanki don jin ra'ayin jama'a, da wuya ka ga namu a zauren. Sai an shafa jan fentin rusau a bango sannan a ruga fadar Sarkin Hausawa. Muna da lauyoyi da injiniyoyi haifaffun Agege da za su iya karanta waɗannan takardu su yi wa 'yan kasuwa bayani tun abu yana ɗanye.

A 2022 gwamnatin jihar ta fara gina babbar cibiyar tara abinci mai ɗakunan sanyi a yankin Epe, ta kuma buɗe ƙarama a Idi-Oro, Mushin, a Disamban 2023. A taswira abin ya hau: tirelar Arewa za ta iya ratsewa daga Badun ta Ijebu-Ode ta sauka Epe ba tare da ta shiga cunkoson Ojota ba. Na kai wa Kawu maganar.

Ya ce, "Ba mu ƙi tashi ba, ɗana, amma a tambaye mu. Rumfa nawa ce, sayarwa za a yi ko haya, kuma da sunan wa takarda za ta fito? Ɗan dako ina zai kwana, ina zai yi sallah, ina zai kewaya? Iyar da ke tasowa daga Mushin da asuba ta sari kwando biyu, nawa za ta biya mota zuwa Epe ta dawo? In kuɗin mota ya cinye ribarta ba za ta zo ba. In ba ta zo ba, direba zai tsaya ya sauke a bakin titi a Ketu, kasuwa ta sake tsirowa inda aka tashe ta."

Ya ce bayan ƙaramar sallah shi da wasu dillalai za su ɗauki shatar bas su je su ga wurin, su lissafa kuɗin mota daga Mushin da Oyingbo da Agege, sannan su rubuta tambayoyinsu su miƙa wa shugabannin kasuwa.